Tsibirin Rodos: Tambayoyi da Amsoshi kan Tsohon Gari da Wuraren Hutu na Bakin Teku

Rodos tsibiri ne na ƙasar Girka a gabashin Bahar Rum. Masu shirya tafiya da hoton rairayi da shuɗin ruwa suke tallata shi, sai mutum ya biya kuɗin otal na mako guda, ya ci, ya sha, ya yi iyo, ya koma gida bai taka tsohon garin ba sai na awa biyu da tsakar rana. A ganina wannan babbar asara ce. Rairayi da ruwa akwai su a tsibirai barkatai. Amma gari mai ganuwa wanda har yau mutane ke kwana suna tashi a cikinsa, inda Kiristocin Turai da Turkawa da Yahudawa suka bar sawunsu a unguwanni maƙwabtan juna, ba a ko'ina ake samunsa ba. Ga tambayoyin da masu niyyar zuwa suka fi yi.

A ina Rodos yake, kuma yaya girmansa?

Yana kudu maso gabashin Girka, ya fi kusa da Turkiyya nesa ba kusa ba fiye da Atina, babban birnin ƙasarsa. Tsakaninsa da gaɓar Turkiyya kilomita 18 ne kacal, in ka tsaya a tashar jiragen ruwa za ka hango duwatsun can. Faɗin ƙasarsa ya kai murabba'in kilomita 1,400, tsawonsa kusan kilomita 80, mazaunansa kuma kimanin 125,000. Babban garin, wanda shi ma Rodos ake kiransa, yana can a ƙurewar arewa. An kafa shi a shekarar 408 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da tsofaffin garuruwa uku, Lindos da Kamiros da Iyalisos, suka haɗa kai suka gina birni ɗaya.

Wa ya gina tsohon garin da ake ta magana?

Ganuwar da ake gani yau aikin Baraden Yohanna ce, wata ƙungiyar mayaƙan Kirista da ta samo asali daga wani asibitin maziyarta a birnin Ƙudus. Bayan Musulmi sun karɓe Akka, birnin da baraden suke zaune a gaɓar Falasɗinu, a 1291, sun fake a tsibirin Kuburus, daga nan suka ci Rodos wajen 1309. Sun zauna fiye da shekara 200, kuma kusan duk tsawon zaman nan gini suke yi, don sun san ba za a ƙyale su ba. Suna tare jiragen Musulmi a teku, su kuma sarakunan Musulmi suna kawo musu yaƙi. Mamulukan Masar sun zo a 1444 ba su ci nasara ba. Rundunar Sarki Muhammadu Fatih, wanda ya ci Istanbul, ta zo a 1480 ita ma ta koma. Shekara guda bayan haka girgizar ƙasa ta yi wa garin ɓarna, aka sake gini.

Kowane hari sai ya ƙara wa ganuwar kauri, domin zamanin igwa ya shigo, katangar da ta ishi kibiya ba ta ishi harsashin dutse ba. Zagayenta ya kai kilomita 4, kuma a wasu wurare ninki biyu ce, da ƙaton rami busasshe a tsakani. A cikin ramin nan yanzu hanya ce ta masu tafiya a ƙasa, shiga kyauta. Ka sauka ka bi shi da sanyin safiya. Za ka tarar da mulmulallun duwatsun igwa a zube a gindin katanga, wasu sun fi kan mutum girma sau biyu, ciyawa ta fito a tsakaninsu. Sai ka ɗaga kai daga can ƙasa ne za ka gane abin da mai kawo hari yake fuskanta. Hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988.

To yaya aka yi Turkawa suka shiga, kuma yaya ya koma Girka?

A 1522 Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya ya zo da kansa da runduna ta fiye da mutum 100,000, masu tsaron garin kuwa ba su wuce 7,000 da 'yan kai ba. Aka yi wata shida ana gwabzawa, ana haƙa ramuka ƙarƙashin ganuwa ana cusa albarushi. Daga ƙarshe aka yi sulhu: Sulaiman ya bar baraden su fita da makamansu da kayansu, suka tashi ranar 1 ga Janairun 1523. Su ne daga baya, a 1530, aka bai wa tsibirin Malta.

Turkawa sun riƙe Rodos kusan shekara 390. A zamaninsu Musulmi da Yahudawa ne ke kwana a cikin ganuwa, Girkawa Kirista suka koma unguwannin waje. Italiya ta ƙwace tsibirin a 1912, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a yarjejeniyar 1947, aka miƙa shi ga Girka. Shi ya sa a tafiyar minti goma za ka wuce asibitin barade, da hasumiyar masallaci, da ofishin gwamnati mai fasalin ginin Italiya.

In na shiga, me zan fara gani?

Kowa Fadar Shugaban Barade yake fara nufa, don ita ta fi tsayi da kwarjini. Ka je, amma ka san abin da kake kallo. A 1856 wani rumbun albarushi da ke kusa ya fashe ya rusa yawancin fadar, ya hallaka mutane da dama. Abin da ke tsaye yanzu Italiyawa ne suka sake ginawa a ƙarshen shekarun 1930 don ya zama masaukin sarkinsu da Musolini, shugaban gwamnatinsu na lokacin, har da daɓen ado na ƙananan duwatsu da suka kwaso daga tsibirin Kos. Kyakkyawa ce, sai dai cikinta ya fi nuna burin Italiya fiye da zaman baraden.

Ni asibitin baraden ya fi kwanta mini. An fara gina shi a 1440, aka gama a 1489, yanzu shi ne gidan adana kayan tarihi. A benensa akwai doguwar rumfar majinyata, da ƙananan ɗakuna a jikin bango, haske na shigowa kaɗan-kaɗan ta tagogi. Daga ƙofarsa Titin Barade ya miƙe ya hau har fada, babu shago ko ɗaya a kansa. Baraden sun kasu ne bisa harshe, na Faransa, na Italiya, na Ingila, na Jamus, na Aragon da sauransu, kowane rukuni da masaukinsa, kuma kowane rukuni da ɓangaren ganuwar da aka ɗora masa tsaronsa. Tambarinsu na nan a sassaƙe a saman ƙofofi.

Daga nan ka bar manyan tituna. Titin Sokratus kasuwa ce ta 'yan yawon buɗe ido, jakunkuna da zinariya da tsaraba, ba laifi, amma ba nan garin yake ba. Ka karkata kudu ka shiga lunguna, inda aka yi daɓe da tsakuwar teku baƙa da fara a tsaye, inda aka ɗaura bakan dutse daga bangon gida zuwa na maƙwabci don su tokare juna in ƙasa ta girgiza. Nan za ka ga shanya a igiya, babur a jingine, tsohuwa a bakin ƙofa tana ba maguna abinci. Ɓata hanya ba abin tsoro ba ne, duk inda ka nufa ganuwa za ta tare ka ta mayar da kai.

A gabashin garin akwai unguwar Yahudawa da majami'arsu ta Kahal Shalom, wadda aka gina a 1577, mafi tsufa a Girka. A watan Yulin 1944 sojojin Jamus suka kwashe Yahudawan tsibirin, kimanin mutum 1,700, zuwa sansanin Auschwitz, 'yan ƙalilan ne suka tsira. Ƙaramin jakadan Turkiyya na lokacin, Selahattin Ulkumen, Musulmi, ya tsaya kai da fata ya ceci mutum fiye da 40. Wurin ya cancanci a je da natsuwa.

Ina ƙaton mutum-mutumin nan da aka ce yana cikin abubuwan mamaki bakwai na duniya?

Babu shi, ko guntunsa ba za ka gani ba. Gunkin rana ne na tagulla, tsayinsa kimanin mita 33, wani masassaƙi ɗan Lindos mai suna Kares ya gama shi wajen 280 kafin haihuwar Annabi Isa. Bai cika shekara 60 a tsaye ba girgizar ƙasa ta kayar da shi a 226 kafin haihuwar Annabi Isa. Marubutan Rumawa sun ce ɓaraguzansa sun yi ta zama har rundunar Mu'awiya ta ci tsibirin wajen 654 bayan haihuwar Annabi Isa aka sayar da tagullar. Hoton da ake sayarwa na gunkin ya ware ƙafafu jirage suna wucewa ta ƙarƙashinsa ƙirƙira ce ta mutanen baya. A bakin Mandraki, ɗaya daga tashoshin jiragen ruwa na garin, yanzu barewa biyu ne na tagulla a kan ginshiƙai.

In kwana a cikin tsohon gari ko a otal na bakin teku?

In da hali, raba. Dare biyu a cikin ganuwa, sauran a bakin teku. Dalili kuwa, manyan jiragen ruwa na masu yawon buɗe ido a gindin ganuwar suke tsayawa, daga hantsi zuwa la'asar dubban mutane ne ke kwararowa ta Ƙofar Teku, ko wurin sa ƙafa babu. Da asuba zuwa ƙarfe tara, da kuma bayan magariba, garin na komawa hannun masu shi. Wanda ya zo daga otal mai nisan kilomita 50 a motar rukuni a daidai lokacin cunkoson yake isowa, ya sha rana, ya tafi yana cewa garin ba komai sai shaguna.

Sai dai ka san wahalarsa. Ba a barin motocin baƙi su shiga, tasi a ƙofa zai sauke ka. Akwati mai taya kuwa ba ya shiri da daɓen tsakuwa, ga ƙara ga nauyi, gara ka tambayi masaukin ko suna ɗauko kaya. Gidajen tsofaffi ne, ɗakuna ƙanana, matakala a tsaye. Mai tafiya da dattijo ko keken jariri gara ya sauka a sabon gari, kusa da gaɓar Eli, tafiyar minti goma zuwa sha biyar ce a ƙasa zuwa ganuwa, ga teku a ƙofar gida.

Wane ɓangare ya fi kyau, gabas ko yamma?

Iska ce ta raba su. Da bazarar Turai iska mai ƙarfi tana kaɗowa daga arewa maso yamma, don haka gaɓar yamma, wato Iksiya da Iyalisos, tana da igiyar ruwa, bakin tekunta kuma tsakuwa ne. Masu wasan tsere da iska a kan ruwa can suke so, kuma zafi bai cika damu ba. Ga shi kusa da gari da filin jirgin sama. Gaɓar gabas a lafe take, ruwan a kwance, rairayi ya fi yawa. Mai yara gabas zai nufa.

In ka bi gabas daga gari, Kalitiya za ka fara tararwa, inda Italiyawa suka buɗe gidan wankan maɓuɓɓuga a 1929, da ƙubbobi da daɓen tsakuwa mai zane. Sai Faliraki, sai Afandu mai doguwar gaɓa da ƙarancin jama'a, sai Kolimbiya mai shiru wadda iyalai ke so, sai Tsambika mai lallausan rairayi wadda ba a cika ta da gine-gine ba. Bayan Lindos akwai Pefkos da Lardos da Kiyotari da Genadi, manyan otal-otal da ke haɗa ci da sha da kwana a kuɗi ɗaya. Can ƙurewar kudu Prasonisi take, inda siririn rairayi ya haɗa tsibirin da wani ɗan tudu, ruwa hagu ruwa dama.

Na ji ana sukar Faliraki. Za a iya zuwa da iyali?

Sunan da ta yi ba a banza ba ne. A farkon shekarun 2000 ta shahara da samarin Turai masu shaye-shaye har gari ya waye, sai da hukuma ta sa ƙafar wando da su. Yanzu ta lafa sosai, amma titunan mashaya na tsakiyarta suna nan, kuma ba wurin da zan kai iyalina da dare ba ne. Arewacin gaɓar, inda manyan otal suke, wata duniya ce daban: rairayi mai faɗi, ruwa marar zurfi, da babban filin wasan ruwa na yara. Nisanta da gari kilomita 14 ne, bas na zuwa a kai a kai. Abin dubawa kafin ka biya shi ne a wane ɓangaren otal ɗin yake.

Lindos fa, ta kai yadda ake yabonta?

Ta kai. Fararen gidaje ne a kwance a gindin wani dutse mai tsayin mita 116, a samansa kufan haikalin Girkawan dā, baraden kuma suka kewaye shi da katanga. Daga can sama kana hango ƙaramin mashigin ruwa na Bulus, wanda duwatsu suka kusa rufewa. Nisanta da gari kusan kilomita 50 ne. Amma Lindos na cikin wurare mafi zafi a tsibirin, duwatsu sun tare mata iska, hawan kuma matakala ne masu santsi. Ka isa da an buɗe ƙofa da safe, da ruwa a hannu da takalmi mai kama ƙasa. Akwai jakuna da ake hayarsu zuwa sama. Shawarata, mai lafiya ya hau da ƙafarsa, dabbobin suna shan wahala a wannan rana.

Akwai masallaci? Yaya zan yi da salla?

Akwai. Rodos na da Musulmi 'yan asalin Turkawa, 'yan dubbai, waɗanda musayar jama'a tsakanin Girka da Turkiyya ta 1923 ba ta shafa ba, saboda a lokacin tsibirin na hannun Italiya. Masallacin Ibrahim Pasha, wanda aka gina a 1540 a cikin tsohon gari, shi ne wanda ake salla a cikinsa, har da Juma'a. Masallacin Sulaiman mai jan fenti da ke saman Titin Sokratus, wanda aka sake ginawa a 1808, ya zama wurin tarihi, kada ka dogara da shi don jam'i.

Daura da shi akwai wurin da yawancin baƙi ke wucewa ba su lura ba: ɗakin karatu na Hafiz Ahmad Aga, wanda aka kafa a 1793, da littattafan Larabci da Farisanci da Turkanci rubutun hannu, har da Alƙur'anai. Ƙaramin gida ne mai tsakar gida da inuwa. A sabon gari kuma, kusa da gaɓar Eli, akwai masallacin Murad Reis da maƙabartarsa, duwatsun kaburbura masu siffar rawani a ƙarƙashin itatuwan turare.

A wuraren hutu na bakin teku babu masallaci, a ɗakinka za ka yi. Alƙibla daga Rodos kudu maso gabas take, ba gabas ba kamar yadda muka saba. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas da rabi na dare, asuba kuma da wuri take, don haka ka sa manhajar lokutan salla a wayarka. Ka tafi da 'yar buta, banɗakunansu ba su cika samun abin tsarki ba.

Abinci fa?

Naman alade ya yi yawa a abincin Girka. Naman da ake yankowa daga sanda mai juyawa, wanda suke kira giros, da tsiren da suke kira sublaki, galibi na alade ne in ba an ce na kaza ba ne, kuma sau da yawa a wuri ɗaya ake gasa su. Wasu miyar nama ana zuba musu giya. Ka tambaya, ba sa jin haushi. Mafita mai sauƙi ita ce kifi da kayan lambu, kuma a nan Girkawa ba su da na biyu: gasasshen kifi da man zaitun da lemon tsami, tumatir da tattasai da aka cusa wa shinkafa, wake, cuku, burodi. Ka nemi pitarudiya, abincin tsibirin ne na kansa, kamar ƙosai yake, sai dai da wani irin wake mai kauri ake yi, a sa albasa da tumatir da na'ana'a. Tsarabar da ta fi ita ce melekuni, riɗi da zuma, wanda suke rabawa a wurin biki.

In otal ɗinka na haɗa ci da sha ne, ka tuna cewa wani kaso na kuɗin na giya ne da ba za ka sha ba. Sau da yawa kwana da karin kumallo kawai ya fi riba, ka ci sauran a gari.

Mace mai hijabi za ta sake?

A gari da kasuwa ba wanda zai ɗaga ido, baƙi daga Turkiyya suna shigowa kullum. A bakin teku kuwa shigar Turawa ce, mutum ya san da haka tun daga gida. Mai son sakewa ta zaɓi dogayen gaɓoɓi irin Afandu ko Genadi, inda za a yi nisa da jama'a, ko ta fita da sassafe. Kududdufin iyo na otal kowanne da dokarsa kan sutura, a rubuta musu a tambaya kafin a biya.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Mayu zuwa tsakiyar Yuni, ko Satumba zuwa tsakiyar Oktoba. A Yuli da Agusta zafi da cunkoso da tsada duk suna haɗuwa. Ruwan teku ya fi ɗumi a Satumba fiye da Mayu. Daga Nuwamba zuwa Afrilu yawancin otal na bakin teku a rufe suke, lokacin ruwan sama ne, amma tsohon gari yana nan, wanda tarihi ya kawo shi zai same shi fayau.

Gobarar dajin da aka yi fa?

A watan Yulin 2023 wuta ta tashi a tsakiyar tsibirin ta gangaro kudu maso gabas, wajen Lardos da Kiyotari da Genadi, aka kwashe mutum kusan 19,000. Garin Rodos da arewa ba ta taɓa su ba, otal-otal kuma sun sake buɗewa. Haɗarin yana nan duk bazara. Lambar gaggawa 112 ce, kuma ta nan hukuma ke turo gargaɗi a waya. In saƙo ya ce a tashi, a tashi.

Wace biza ake bukata, kuma ta ina ake bi?

Girka na cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, kuɗinta Yuro ne. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana sai da bizar Shengen, wadda kuɗinta ya koma Yuro 90 tun Yunin 2024, tare da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da shaidar masauki da tikitin dawowa. Girka na da ofishin jakadanci a Abuja. A nema da wuri, layin bazara dogo ne. Babu jirgi kai tsaye, sai an bi ta Istanbul ko Alƙahira zuwa Atina, daga nan awa guda a sama zuwa filin jirgin Diyagoras, kilomita 14 daga gari. Jirgin ruwa daga tashar Pireyas da ke kusa da Atina yana cin fiye da awa 12. Otal kuma na karɓar harajin kwana a kan kowane ɗaki, a wurin ake biya, ba ya cikin kuɗin da ka tura.

Tunda Turkiyya na kusa, zan iya leƙawa in dawo?

A nan mutane ke shiga matsala. Jirgin ruwa zuwa Marmaris, wani gari a gaɓar Turkiyya, awa guda ne, ana ta tallarsa a bakin tasha. Amma da ka hau ka fita daga Shengen. In bizarka ta shiga sau ɗaya ce, ba za a bar ka ka dawo Rodos ba, ga kayanka a otal. Ita ma Turkiyya da tata bizar. Wanda ke son yawon jirgi na yini guda ya tafi tsibirin Simi, na Girka ne, ba ruwansa da shige da fice.

Sai na yi hayar mota?

Ba dole ba ne. Bas-bas na tashi daga bayan Sabuwar Kasuwa da ke Mandraki, na kamfanin KTEL su bi gabas har Lindos, na RODA su bi yamma da filin jirgi. Zuwa Lindos awa ɗaya da rabi ne. Mota na amfani ne in kana son cikin tsibirin: Kwarin Petaludes, inda dubban malam-buɗe-littafi ke lulluɓe itatuwa daga Yuni zuwa Satumba, da kufan Kamiros, da ƙauyukan gindin dutsen Atabiros mai tsayin mita 1,215. A hannun dama ake tuƙi, kuma za a nemi lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da naka na gida. Hayar yini ɗaya ko biyu ta isa.